Ƙarar da Ta Binne Sawun Shanu

Ranar Talata da sassafe Zakari ya zaga bayan gida zai kwance shanunsa na huɗa, sai ya tarar da turke biyu da guntayen igiya da aka datse da wuƙa. Bijimai biyu, fari da ja, babu su babu alamarsu. Ga damina ta faɗi, ga gonarsa ko kunya ɗaya ba a ja ba. Ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu, kafin rana ta ɗaga rabin mutanen Unguwar Marke, ƙauyen nan na ƙasar Doguwa, sun cika ƙofar gidansa.

Yayyafin asuba ya wanke sawu tas. Babu wanda ya ga komai, babu wanda ya ji komai, amma kafin kokon safe ya huce kowa ya san ɓarawon. Ka ji mutanenmu! Uzairu makiyayi, wanda aka haifa a rugar bakin fadama, wanda ke noman masara kamar kowa, yake tsayawa sahu ɗaya da su a masallaci, ranar nan ya koma baƙo.

Shitu shugaban 'yan sintiri ne ya fi kowa ɗaga murya a gaban Dagaci.

"Ranka ya daɗe, wa ya iya jan bijimi cikin duhu bai yi kuka ba in ba su Uzairu ba? Ka ba mu izini kawai."

Dagaci tsoho ne mai gudun fitina, amma ya fi gudun ɓacin ran jama'a. Ya ce in ba a ga shanun ba zuwa bayan sallar Juma'a, Uzairu ya kwashi iyalinsa ya bar ƙasar. Kafin nan kuwa kada wanda ya taɓa shi. Sannan ya ce a kira masa Rufa'i.

Rufa'i ƙanen Shitu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu mai bin sawun dabbobi ne, shi Rufa'i ya gaji idon. Da uban ya rasu, Shitu ya riƙe shi ya tura shi Kano ya karanci aikin lantarki. Ya yi shekaru a wani kamfanin waya yana farautar duk abin da ke dagula layi, aka rage ma'aikata aka haɗa da shi, ya dawo Doguwa yana gyaran rediyo da kayan sola. Mutum ne mai ƙarancin magana, dariyarsa ma sai an yi sa'a.

* * *

Rufa'i ya duƙa a gindin turke ya juya guntun igiyar a hannu, ya dubi taɓon da ƙafafun 'yan jaje suka dame, ya yi tsaki.

"Malam Rufa'i, ina amfanin abin naka?" in ji Zakari. "Ka ce ko Jos aka kai su za ka ji."

"Ban ce Jos ba. Rage murya."

Bara ne Rufa'i ya ɗinke wata 'yar na'ura cikin fata, aka rataya wa jan bijimin a wuya tamkar laya. Daga hantsi zuwa la'asar takan yi kuka, tit, tit, wanda rediyon Rufa'i kaɗai ke kamawa, sauran lokaci ta yi barci don batir ya kai ƙarshen damina. Su biyu kaɗai suka san inda take. Dabarar Rufa'i ita ce ɓarawon ƙauye zai yanke igiya, zai yar da ƙararrawa, amma layar da bai san abin da ke cikinta ba, wallahi ba zai sa mata wuƙa ba.

Da hantsi ya yi ya ɗaga eriya ya kunna rediyon. Maimakon tit, sai wata ƙara ta cika wurin, ziiiii, kamar an kulle zuma a gwangwani. Ya juya gabas, ya juya yamma, duk ɗaya. Bai taɓa jin ta a ƙauyen ba. Ya naɗi ƙarar a kwamfutarsa, ya ce wa Zakari su haɗu gobe.

Washegari suka zauna a zauren Zakari, kwamfutar a kan tabarma.

"Ka ga yadda Kaltume matarka ke tsince tsakuwa a shinkafa?" in ji Rufa'i. "Ba a cikin buhu take yi ba, sai ta baza a faifai. To sauti ma haka. Kunne a gauraye yake jin sa. Akwai lissafin da ke baza shi, mai kauri ya koma hagu, siriri ya koma dama, kowanne ya tsaya a gurbinsa. Duba."

A fuskar kwamfutar dogayen layuka suka miƙe a jere, tazararsu ɗaya, kamar haƙoran mataji.

"Waɗannan su ne ƙarar. Kukan na'urata na tsugune a tsakaninsu, sun fi shi tsawo. Zan sare su ɗaya bayan ɗaya, in mayar da sauran yadda yake. In na yi rowar sara, ƙara ta rage. In na zarce, na tafi da kukan gaba ɗaya."

Sau huɗu yana sarewa yana mayarwa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A na biyar sai ga shi can ƙasa-ƙasa, tit, tit. Zakari ya yi kabbara har yana buge kwanon ruwa.

Suka fita bayan gari. Rufa'i ya riƙa juya eriyar a hankali, kwamfutar na tace ƙarar. Kukan ya fi ƙarfi da ya fuskanci gabas. Gabas kuwa babu komai sai rugar Uzairu da dutsen da ke bayanta.

"Na faɗa!" Zakari ya zabura.

"Tsaya! Daga wuri ɗaya ba a yanke magana, sai na auna daga wani ɓangaren. Zakari!"

Ina! Zakari ya riga ya tattare riga ya nufi gari. Kafin azahar har matan da ke cikin gida sun ji cewa na'ura ta nuna ruga.

* * *

A rugar Goggo Rabi, mahaifiyar Uzairu, ce ta tare shi da tabarma da ƙwaryar kindirmo.

"Ɗan Mai Sawu, kai ma nema ka zo? Ubanka ya sha nono a wannan inuwar."

"Aiki ne, Goggo. Ku yi haƙuri."

Uzairu ya zaga da shi garke, ya buɗe masa kowace bukka da kansa, fuskarsa babu walwala.

"An ce datse igiyar aka yi?" ya tambaya.

"Da wuƙa."

"To ka tambayi duk wanda ya taɓa kiwo. Mu kwancewa muke yi. Yini guda ake tufka igiya, wa zai lalata ta?"

Rufa'i ya wuce har gindin dutsen ya sake aunawa. A nan eriyar ta juya baya, ta nuna yamma, inda ya fito. Ashe dutsen ne ke maido da kukan, yadda yake maido da muryar mai kira. Shanun ba su taɓa zuwa gabas ba.

"Goggo, ku kwantar da hankali," ya ce da zai tafi. "In Allah ya yarda babu inda za ku je."

Ya koma gari ya faɗa a majalisar mai shayi cewa shanun ba sa ruga, ya faɗa a ƙofar masallaci. Aka yi masa kallon wanda aka saya da kindirmo. Labarin farko ya fi daɗin ji, shi aka riƙe.

Yamma kuwa gonaki ne da lambuna barkatai, ga kukan ya yi rauni, ba a iya cewa ga wurin. Sai Rufa'i ya koma kan abin da ya sare ya zubar. Ƙarar nan ba daga sama ta faɗo ba, wani inji ne ke yin ta. Zarginsa ya sauka kan Mujitaba mai walda, wanda suka yi cacar baki da Zakari a kan garma makon jiya.

"Ni?" Mujitaba ya ɗage gilashin fuskarsa. "Haba Malam Rufa'i! In saci sa in ɓoye shi ina, a cikin akwatin ƙarafa?"

"Kunna injinka kawai."

Ya kunna ya ɗiga wuta a kan ƙarfe. A kwamfutar sai tartsatsi ya watsu ko'ina, ya zo ya wuce, babu layi ko ɗaya a tsaye. Ba shi ba ne. Rufa'i ya ba shi haƙuri, Mujitaba ya ce a kai haƙurin kasuwa.

Yana nan zaune a rumfar, gab da la'asar, hadari ya taso ya rufe rana. Sai ya ji ƙarar ta yi kauri, ta sauko kamar mai jin barci, layukan suka matso kusa da juna. Gajimaren ya wuce, rana ta buɗe, ƙarar ta sake miƙewa ziiii.

Injin da ke rage gudu in rana ta ɓuya, ai famfon sola ne. To wane mahaukaci ne zai kunna famfon ban ruwa da damina, sama na ba shi kyauta? Sai wanda ke da bakin da zai shayar, ba ya kuma so a gan shi a rafi.

Famfon sola uku ne a yankin. Biyu na ƙungiyar manoma ne, shi da hannunsa ya kwance su ya kai sito da ruwa ya sauka. Na ukun kuwa ya san shi fiye da kowa. Da rani inbatarsa, na'urar da ke juya masa wutar sola, ta ƙone, ya gyara, amma ƙarfen da ke tace mata ƙara ya mutu, bai da wani. Ya haɗa da waya tsura, ya ce zai kawo sabo daga Kano, bai kawo ba. Muryar gyaransa ce yake ji tun jiya. Famfon lambun Shitu ne.

Daga rumfar zuwa gidan Dagaci tafiyar minti biyar ce. Rufa'i ya naɗe eriyarsa ya tafi gida.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi ya isa lambun. Katanga ce doguwa, a ciki akwai tsohon gidan kaji mai rufin kwano. Tun daga waje ana jin ruwa na zuba a kwatami yana malala. Shitu na ƙoƙarin kulle ƙofa ya gan shi.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya. Me ya kawo ka nan?"

"Famfonka ne ya kira ni. Bijiman Zakari suna shan ruwa sosai?"

Shitu ya dubi makullin da ke hannunsa. Bai yi musu ba, abin da ya fi ƙona wa Rufa'i rai ke nan.

"Ba sayarwa zan yi ba," ya ce. "Fadamar da suke zaune a kai gonar Baba ce, aro aka ba su, aron ya zama gado. Sau nawa na kai kuka? In sun tashi zan saki shanun, Zakari ya yi huɗarsa. Wa aka cuta?"

"Uzairu fa? Da 'ya'yansa shida da tsohuwa?"

"Daji da faɗi." Ya matso. "Rufa'i, dube ni. Wa ya goya ka ranar da aka kai Baba? Wa ya bar makaranta don ka shiga? Inna na kwance da hawan jini, kana so a shiga a ce mata ɗanta ɓarawo ne, ƙanensa kuma ya nuna shi? Yau kaɗai na roƙe ka. Gobe da asuba za a gan su suna kiwo a bakin rafi, maganar ta mutu, kowa ya zauna inda yake."

Rufa'i ya san ba daidai ba ne. Ya sani sarai, kada wani ya wanke shi. Amma ya sunkuyar da kai ya ce, "Zuwa asuba, Yaya."

Da la'asar sakaliya yana zaune kusa da Inna yana ɓare mata lemo, sai ya hangi hayaƙi a gabas. Samarin gari sun gaji da jiran Juma'a, tunda ai na'ura ta riga ta nuna. Suka cinna wa bukkoki uku wuta, da rumbun masarar bara. Uzairu ya yi ƙoƙarin kutsawa ya ja ko dami ɗaya, wani ya sauke masa gora a hannun dama, ƙashin ya karye gida biyu. Shugaban 'yan sintiri ya iso da mutanensa bayan komai ya zama toka.

Asuba ta yi, babu sa a bakin rafi. Tun ranar Talata Shitu ya zuba 'yan sintiri a kowace hanya don a ga ƙwazonsa, sai ga shi ya rasa ta inda zai fitar da abin da ya ɓoye.

* * *

Bayan sallar Juma'a gari ya taru a ƙofar Dagaci. Uzairu na zaune a gefe, hannunsa cikin karan ɗori. Ga Zakari, ga Mujitaba yana hura hanci, ga Shitu tsaye da gora. Rufa'i ya ajiye kwamfuta da lasifika a tsakiyar fili.

"Allah ya ba ka nasara, abu uku zan sa ku ji."

Ya kunna ƙarar ranar Talata, mutane suka toshe kunne. Ya kunna bayan ya tace ta, aka ji tit, tit.

"Wannan jan bijimin Zakari ne. Na ce gabas, na yi kuskure, dutse ne ya ruɗe ni. Na dawo na faɗa muku, kuka ƙi ji. Aka zargi Mujitaba, ni na zarge shi, injinsa ba ya irin wannan ƙara. Yanzu ku saurari na uku."

Ya kunna wadda ya naɗa lokacin hadari. Aka ji ƙarar ta sauko, ta sake hawa.

"Wane inji ne ke kasala in rana ta ɓuya?"

"Famfon sola!" in ji wani manomi daga baya.

"Wa ke ban ruwa da damina?"

Kowa a nan manomi ne, babu wanda ke buƙatar a ƙarasa masa.

Rufa'i ya ɗaga eriya ya kunna rediyon kai tsaye, babu kwamfuta babu tacewa. Tit, tit, tit, tarwai, ko ɗigon ƙara babu.

"Kwana uku tana damunmu, yau ta ɗauke. Jiya da hantsi na gaya wa mutum ɗaya tak cewa famfonsa ne ke tona shi, sai ya kashe." Ya sauke eriyar. "Mutumin yayana ne."

Salati ya tashi. Shitu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce boko ya taɓa ƙanensa. Dagaci ya miƙe da sandarsa ya ce a je a gani.

Ba a ma buƙaci eriya ba. Tun daga nesa aka ji kukan shanun, don tun jiya ba su ga ruwa ba. Aka ɓalle ƙofar gidan kajin, ga fari ga ja, haƙarƙari a waje. An cire musu ƙararrawa an jefar a lungu, amma layar na nan a wuyan jan, ko ƙwarzane babu. Zakari ya rungume wuyan sansa yana kuka kamar yaro, bai ko dubi inda Uzairu yake ba. Samarin da suka riƙe ashana jiya su ne suka fi kowa zagin Shitu yau. Allah wadaran irin wannan hali.

Da za a sa shi a motar 'yan sanda, Shitu ya dubi ƙanensa.

"Je ka faɗa wa Inna da bakinka. Ni na gama da kai."

* * *

Ranar Asabar Dagaci ya aiki Rufa'i ruga da saƙo: an janye wa'adi, gari zai taru a sake musu bukkoki. Ya tarar an gama ɗaure kaya a kan jakuna, garke ya riga ya kama hanyar kudu. Uzairu na tsaye yana kallon matarsa tana ɗaure masa takalmi, tunda hannun ba ya yi.

Rufa'i ya durƙusa ya isar da saƙon. Goggo Rabi ta saurara har ƙarshe, tana naɗe gammo.

"Ka gode masa," ta ce. "Waɗanda za su ɗaura mana jinka ai mun san fuskokinsu, mun gan su shekaranjiya. Kai kuma Allah ya biya ka, ka wanke mana suna. An ce ɗan'uwanka ka bayar."

"Gaskiya ce ta bayar da shi, Goggo."

"Haka ne." Ta ɗora gammon a ka, sai ta tsaya. "Ɗan Mai Sawu, in tambaye ka. A taro ka ce Alhamis da hantsi ka je wurinsa. Yaushe ka gane shi ne?"

Zai iya cewa a ranar ne. Babu wanda ya sani sai shi da Allah. Ya buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Laraba, Goggo. Gab da la'asar."

Tsohuwar ta dubi tokar rumbun, ta dubi hannun ɗanta, sannan ta dube shi.

"Mu kuma Alhamis da yamma aka ƙone mu," ta ce.

Ta ɗauki ƙwaryarta ta bi bayan shanu. Uzairu ya wuce ta gabansa ya bi su, Rufa'i na durƙushe har ƙurarsu ta kwanta.